Kwarin Kawu

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ta Kawu, ƙanen mahaifiyata, ta zo ne wata Laraba da hantsi, a asibitin da nake aikin jinya, kuma kafin la'asar an sallace shi an kai shi makwancinsa. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan shi ne abin da kunnena ya jiye mini a wajen zaman makoki. Jama'a sun cika layinmu a Fagge har babur ba ya iya wucewa, kowa yana yabonsa, amma da ƙyar za ka sami mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya a kan ko mene ne aikinsa a duniya.

Wata maƙwabciyarmu ta rantse likitan ƙasa ne, irin masu faɗa wa manoma takin da za su zuba. Wata ta ce ina, zinare yake nema, kuma ya samu, rowa ce ta hana a gani a jikinsa. Tsofaffin ɗalibansa na jami'a, wasu har da furfura, sun zo a ayari suna ta ba da labarinsa, sai dai rabin maganar Turanci ce, mata ba su ƙaru da komai ba. Wanda ya ƙure kowa shi ne wani Alhaji mai sayar da atamfa, da aka shigo da shi tsakar gida ya yi wa Inna gaisuwa. Inna ita ce mahaifiyata, yayar Kawu, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu.

"Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa da rahama," in ji Alhajin.

"Da godiya," in ji Inna.

Sai ya kasa daurewa. "Na ji ana cewa marigayi ya daɗe a Kwari. A wane layi yake? Ni a kasuwar nan na yi furfura, amma ban shaida shi ba."

Mata suka cusa baki cikin mayafi. Ni kaina, da idona a kumbure, sai da dariya ta kusa ƙwace mini. Inna ce kaɗai ba ta motsa ba, kuma duk wanda ya san gidanmu ya san dalili. Wannan kalmar ta Kwari ce ta shiga tsakaninta da ƙanenta tun ban zo duniya ba. Ranar Laraba, da aka gama shirya shi aka ce mata su shiga su yi bankwana, kowa ta shiga ta ce "na yafe maka". Inna ta shiga, ta buɗe fuskarsa, ta daɗe tana kallo, ta rufe ta fito bakinta a rufe. A haka aka ɗauke shi, kuma wannan ne ya fi mutuwar kanta tsaya mini a rai.

Kawu bai taɓa sayar da ko yadi ɗaya ba. Kwarin da ya yi aiki a ciki ba Kantin Kwari ba ne da ke bayan gidanmu. Kwari ne na gaske, tsakanin tsaunuka, a wata ƙasa can ƙuryar arewacin Turai, inda karatu ya kai shi yana saurayi. Malamansa suna haƙar kufan wasu manoma da ake kira Nos, waɗanda suka zo ta teku da tumakinsu da shanunsu sama da shekara dubu da suka wuce, suka sauka a wurin suka yi gida. Duk lokacin da sanyi ya sassauta sai a kwashi ɗalibai a tafi can, a kafa tanti, a yi ta kankare ƙasa da cokalin magina da burushi, ana tankaɗe ta a rariya. Kaka, mahaifiyarsu, da ta ji "Nos" sai ta ɗauka "nas" ne, ta bi unguwa tana shelar autanta yana karatun allura. Ni ce daga baya na cika mata wannan burin, ko da yake ba ta gan ni ba.

A gida kuwa magana ta zama gajera. In aka tambayi labarinsa sai a ce, "Auta yana kwari." Kowa ya san wanne ake nufi, har ranar da ciwon ajali ya kama Kaka, tunaninta ya fara haɗa jiya da yau.

"Ina Auta?" in ji ta.

"Yana kwari," in ji Inna, kamar yadda ta saba.

"To a je a kirawo mini shi mana."

Aka yi mata bayani, ta gyaɗa kai. Can anjima ta sake tambaya. Inna ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda tsohuwar take juyar da fuska wajen ƙofa duk lokacin da ta ji takun mutum, sannan ta ce a hankali, "Nan da Kwari ma ba zai zo ya gan ni ba?" A haka ta cika, tana ganin autanta yana nan bayan gida cikin 'yan atamfa, ya ƙi zuwa. Can kuwa babu waya a cikin tsaunukan nan. Kafin labari ya iske shi, kafin ya sami hanyar dawowa, an yi arba'in.

Inna ce ta tare shi a zaure. "Ka bar uwarka tana kallon ƙofa," ta ce, "kana can kana tonon matattun Turawa." Ya ajiye jakarsa ya durƙusa ya ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta ce, "Sai na duba." Ta shige ciki.

Bai koma ba. Ya sami aikin koyarwa a nan, ya yi aure, ya zauna a Sabon Gari. Kuma tun da na yi wayo, ban san Juma'ar da Kawu yana gari bai zo gidanmu ba. Da an sauko daga masallaci zai yi sallama da ledar lemo a hannu. Inna ta riga ta shimfiɗa masa tabarma a gindin dalbejiya, ta ajiye burabusko da miyar yakuwa, don mu asalinmu Barebari ne. Ya ci, su yi musu a kan gwamnati, a kan tarbiyyar yaran zamani, a kan waye ya fasa tulun Kaka suna yara. In ya tashi tafiya sai ya tsaya ya sa takalmi, ya ce, "Yaya, an duba?" Ita kuma ko kallonsa ba ta yi za ta ce, "Ana dubawa." Ina ƙarama na ɗauka irin sallamar manya ce. Sai da na girma na ji a makarantar Islamiyya cewa haƙƙin mutum Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe, sannan abin ya fara ba ni tsoro. Na taɓa yi wa Inna magana, ta ce, "Ke da aka haifa jiya, me kika sani?"

Sunan Kaka aka sa mini, saboda haka Kawu bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake ce mini. Wani lokaci in Inna ta ba shi amsarta, sai ya juyo wurina ina tsaye da ɗan kallabina ya ce, "Uwata, ke fa, kin yafe?" In ce na yafe, ba tare da na san me na yafe ba. Ya ce, "Alhamdulillahi, saura babbar kotu." Yana dariya yake faɗa, amma na lura ba ya kallon kowa in ya faɗa.

Mutum ne da ba ya iya tafiya sai idonsa a ƙasa. In za ka raka shi daga Sabon Gari zuwa Fagge, to ka soke duk abin da ka shirya a ranar. Duk inda aka haƙa rami, ko na famfo ne ko na harsashin gini, sai ya tsaya. Ba na manta ranar da ya kunyata ni a bakin Kasuwar Singa, ina budurwa na ci kwalliya. Ana haƙar kwata, sai kawai na waiga na ga Kawu ya naɗe farar rigarsa ya dira ciki. Yana nuna mini bangon ramin da ɗan makullinsa, yana ɗaga murya don in ji. "Uwata, kin ga baƙin layin nan? Gobara ce. Wannan yashin ambaliya ce. Daga nan kuma aka fara shan lemon kwalba, ga murafan." Masu dako suka taru suna kallon ikon Allah. Cikin masu kallo har da wanda nake so a lokacin, wanda yanzu shi ne uban 'ya'yana, kuma har yau in yana son tsokana sai ya ce a kwata ya fara ganin surukinsa.

Juji ne abin ƙaunarsa. Yakan ce mutum zai iya yi maka ƙarya a falonsa, amma in kana son sanin abin da gida yake ci, ka zaga baya ka ga abin da yake zubarwa. A jujin mutanen kwarin nan, in ji shi, suka ga ƙashin tumaki da yawa, suka kuma ga ƙayar kifin teku, alhali teku tana da nisa, sai suka gane ashe ba a rufe suke ba, suna da abokan ciniki. Yakan zana mana gidansu da yatsa a ƙasa: dogon ɗaki guda, bangonsa ƙasa da ciyawa, murhu a tsakiya, mutane a wannan gefen, shanu a wancan, don ɗumin dabba ya rage musu sanyi. Inna takan leƙo daga madafi ta ce, "Ka ji ƙazanta." Ya ce, "Yaya, akuyarki ma da za ta samu a gadonki za ta kwana." In ya kai kan labarin azumin da ya yi a can, inda rana take ƙin faɗuwa, har ya yi sallar isha'i ana ganin tafin hannu, sai ta ce ƙaryarsa ta yau ta isa haka.

Bai taɓa kallon mutanen nan a matsayin wasu halittu na daban ba. Yakan ce su ma kamar kakanmu ne, da ya taso daga Barno da kanwa ya sauka a zangon Fagge da niyyar kwana kaɗan. Duk wanda ka gani a wuri yana bugun ƙirji, in ji Kawu, baƙo ne da ya daɗe. Ina jin shi ya sa zaman Sabon Gari ya yi masa daɗi, inda kowa ya san daga wani wuri iyayensa suka zo.

Maƙwabcinsa na jikin katanga wani dattijo ne Ibo mai shagon kayan lantarki, haifaffen Kano, wanda Hausarsa ta fi ta 'ya'yana. Papa muke ce masa. Ya zo gaisuwa da matarsa, ya tsaya a bakin tsakar gida da hularsa a hannu, ya ba mu labarin da ban taɓa ji ba. Yana yaro, a wani lokaci na tashin hankali, iyayensa suka bar Kano a gigice, mahaifiyarsa ta rasu a hanya aka binne ta inda babu wanda zai iya nunawa yau. Da ya girma ya dawo ya karɓi gidansu. Shekaru bayan haka ya rushe tsohon ginin zai sabunta.

"Leburori suna cikin haƙa," in ji Papa, "sai ga Malam ya leƙo ta katanga yana ihu, 'Ku tsaya! Ku tsaya!' Na ce Malam lafiya? Ya ce in ba shi wurin zuwa jibi. Wallahi na ji haushi, don sauri nake yi. Ya zo da ɗan cokalinsa da burushi, ya durƙusa yana ta shara kamar mai neman allura. Da ya gama ya kira ni. Ga duwatsun murhu, ga toka, ga ɗan dutsen niƙan barkono. Ya ce, 'Papa, taka nan. Ka ji ƙasar nan ta fi sauran tauri? Nan mamarka take tsayawa in tana girki.'" Papa ya murza hular. "Hajiya, ni ban san kabarin uwata ba. Amma ƙanenki ya nuna mini inda take tsayawa. Ban bari an zuba siminti a wurin ba har yau."

Na saci kallon Inna ina fata. Ta ce, "Allah ya ba shi ladan." Ba ta ƙara komai ba.

Ni ma ina da nawa abin godiyar. Farkon fara aikina hannuna yana da gaggawa, ina son in nuna na iya. Wata rana na ba shi labarin yadda na ɓare bandejin wani mai ƙuna da sauri har fatar ta biyo. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce a wajen haƙa abu na farko da aka koya musu shi ne abin da ka tono ba ya komawa yadda yake, don haka sai ka duba, ka sake dubawa, sannan ka taɓa, kuma ka bi daga sama a hankali, kada ka tsallake. Da wannan maganar nake wanke ciwo har yau, da ita nake tambayar majinyaci abin da yake jin kunyar faɗa. Marasa lafiya suna cewa hannuna yana da sanyi, ba su san daga wani rami a Turai aka kawo shi ba.

A ciwonsa na ƙarshe ne, ina gyara masa ƙarin ruwa, ya ba ni labarin da bai taɓa bayarwa a gindin dalbejiya ba. Kaka gwanar kaɗi ce, kuma ya tashi yana ganin gululu, ɗan dunƙulen nan mai huda da ake sawa a ƙasan mazari don ya yi nauyi ya juya. Ya ce wata rana yana share toka a gefen murhun dogon ɗakin nan, sai ga gululu na dutse ya fito a hannunsa, girmansa ɗaya da na Kaka, har gefe ɗaya ya sha hannu ya yi sumul.

"Murna ta kama ni, Uwata," ya ce. "Na ce in na koma zan faɗa mata matan can ma kaɗi suke yi a bakin wuta kamar ita. Har na shirya yadda za ta yi dariya. Da na zo na lissafa daga baya, ashe a ranar an riga an binne ta."

Na roƙi Inna ta zo asibiti, ta zo. Ta zauna a bakin gadon tana gyara masa bargo tana mitar yadda ya rame. Da ta miƙe, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce, "Yaya, an duba?" Ta ce, "A nan? A kan gadon asibiti? Ka tashi ka zo gida ranar Juma'a ka tambaye ni kamar mutum." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa haushi ya cika ni, don na ga abin da likitoci suka gani, na san babu wata Juma'a a gabansa.

Ranar uku ta faɗo Juma'a. Da safe aka yi addu'a, aka raba sadaka, aka naɗe tabarmin waje, 'yan nesa suka kama hanya. Wajen azahar gidan ya yi tsit. Ina ɗaki ina haɗa kwanukan aro sai na ji ƙamshin yakuwa. Na fito na tarar Inna, wadda tun Laraba ko ruwa sai an matsa mata, ta shiga madafi da kanta. Ana saukowa daga masallaci ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya ta ajiye kwano. Na ce a raina ciwon Kaka ne ya dawo gidan.

"Inna," na ce a hankali, "Kawu fa ya rasu."

"Na sani. An ce miki na haukace ne?"

Na durƙusa a gabanta, abin da ya taru a raina ya fashe. "To don Allah don Annabi ki yafe masa. Yana cikin ƙasa, ba shi da bakin tambaya kuma. Me ya rage da bai yi ba?"

Ta kalle ni kamar yau ta fara ganina. "Au, ke a tunaninki ina riƙe da shi? Tun ranar da ya durƙusa a zauren nan na yafe, na kuma faɗa wa Ubangijina a sujada. Me ya yi? Karatu ya je."

"To me ya hana ki faɗa masa?"

Ta zauna a gefen tabarmar. "Yaron nan ƙafar tafiya gare shi tun yana rarrafe. Da ya dawo, Turawan nan ba su bar shi ba, suna ta kira ya koma. Na ce in na sallame shi zai tafi, ni ma ranar tawa in mutu ina kallon ƙofa. Ba ni da igiyar da zan ɗaure shi, sai kalmar nan ɗaya. Sai na riƙe ta." Ta kalli kwanon da ta ajiye. "A asibiti ta zo har bakina. Sai na ga in na faɗa, na ba shi izinin tafiya ke nan."

Na tuna mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana leƙa ramukan kwata a Kano, alhali zuciyarsa tana can kwarin, na ji tausayinsa ya kama ni. Na kuma tuna cewa da ta faɗa tun farko, da ban san Kawu ba sai a hoto, da Papa ya zuba siminti a kan sawun uwarsa. Har yau ban san ko daidai ta yi ba. Na dai san ina cikin waɗanda suka ci riba.

Inna ta gyara zama ta fuskanci inda yake zama. Da muryar da take kiransa cin abinci ta ce, "Auta, an gama dubawa. Na yafe maka, duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini, na tsare ka. Ka je abinka."

Sai a lokacin ta yi kuka, karo na farko tun da aka yi rasuwar, na riƙe ta muka yi tare. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da mahaifiyarsa a inda babu nisa. Inna kuma Allah ya ba ta haƙurin Juma'o'in da suka rage mata.